Ranar da Na Yi wa Baba Tafinta a Kangon Gal'a

Mahaifina magini ne, kuma duwatsu ya je nema ran da ya fara ganin gal'ar. Wani attajiri ne ya ba shi aikin ƙara bene a gidansa da ke unguwar Misfala a Makka, sai wani mai jaki ya ce masa akwai kango a bayan gari ta hanyar kudu, inda sassaƙaƙƙun duwatsu ke zube ba mai su. Baba ya ɗauki jakuna uku da leburori biyu ya tafi. Washegari da yamma ya dawo da jakunan wayam, ko tsakuwa bai ɗauko ba. Inna ta tambaye shi ko 'yan fashi ne suka tare su, ya ce a'a, ya dai ga aikin da hannunsa ba zai iya ɓatawa ba. Ta ce to sai ya je ya faɗa wa attajirin haka, ya ji abin da zai ce. Bai je ba. A wani wurin ya samo duwatsun.

Gal'a ita ce abin da mutanen ƙasar Hausa ke ce wa kagara, amma mu da aka haifa a Makka ba mu san ta da wani suna ba sai wannan. Tana bisa wani tudu ne baƙi, tana kallon tsohuwar hanyar ayari. Bango huɗu gare ta, biyu a tsaye, ɗaya ya zube rabi, ɗaya kuma sai dai a nuna maka inda yake a da. Akwai hasumiya a kusurwa ɗaya da matakalarta a ciki, da ƙofar shiga mai baka wadda raƙumi da kayansa zai wuce bai sunkuya ba. A gindin tudun kuma akwai wani wawakeken rami da aka gine da dutse, yashi ya cinye fiye da rabinsa. Wannan ramin ba wanda yake kula shi, Baba ma wuce shi yake yi.

Shi Baba yana saurayi ya baro ƙauyensu a ƙasar Kano. Ya yi tafiyar ƙasa, ya tsaya ya yi aikin auduga a Sudan, ya tsallako teku, ya yi aikin Hajji, daga nan bai koma ba. A wurin wani Bayamane ya koyi ginin dutse, kuma Larabcinsa bai taɓa wuce na bakin aiki ba: kawo, ɗaga, sauke, ƙara ruwa. Da wannan ya yi shekara talatin yana cin abinci. Ni kuwa a Misfala na buɗe ido, Hausa a cikin gida, Larabci da zarar na taka soro. Lokacin da nake ba da labari ina da aure, maigidana yana aiki a tashar jiragen ruwa ta Jidda, yana zuwa sau biyu a wata, ni kuma ina zaune a gidanmu da 'yata ta fari.

Gidanmu gidan baƙi ne. Duk shekara alhazai daga ƙasar Hausa suna cika ɗakunan ƙasa da soro har da kan rufi. A wancan zamani in an gama Hajji ba a tashi nan take, sai a zauna jiran jirgin ruwa, wani lokaci makonni. Mutum ya yi ɗawafi ya ƙara, ya sayi tsarabarsa ya ɗaure, ya kwance ya sake ɗaurewa, daga nan sai a fara faɗa kan wa ya ɗauki butar wa. Ganin haka ne Baba ya fara kwasar su yana kai su gal'a. Yayana direban lori ne, yana ɗaukar dutse da farar ƙasa, ran da ba shi da lodi sai a share bayan motar a shimfiɗa tabarmi. Kafin a tashi Baba yakan tsaya a bakin mota ya yi gargaɗi, cewa wannan ba ziyara ba ce, ba kabarin kowa a can, ba a roƙon komai, kallo ne kawai da shan iska. Duk da haka ba a rasa mai tambaya ko akwai addu'ar da ake yi in an shiga.

Da farko tarihin da Baba ke bayarwa gajere ne, kuma ina jin gaskiya ne: sarakunan da ne suka gina ta don tsaron alhazai, tun kafin zuwan Turkawa, daga baya Turkawa suka gyara suka zauna, suka tafi, aka bar ta. Amma baƙi ba sa ƙoshi da wannan. Suna so su ji yaƙi. Da suka yi ta tambaya sai Baba ya ba su yaƙi. Shekarar farko 'yan fashi ne suka kewaye gal'ar kwana bakwai. Shekara ta biyu kwanakin suka zama arba'in. Da aka kai ta huɗu har an sami igwa, ita ce ta rushe bangon gabas, an kuma sami wani jarumi da ya tsaya shi kaɗai a bakin matakala. Inna ba ta taɓa ce masa ƙarya yake ba. In sun dawo takan tambaye shi ne kawai, tana zuba masa shayi, yau mutum nawa jarumin ya kashe.

Ita ce ke bin su don ta kula da mata da abinci. Shekarar da gwiwarta ta matsa mata sai ta ce ni in je, ta riƙe mini yarinya. Mun tashi bayan sallar asuba, mu kusan goma sha biyar, mata biyar a gaba kusa da kan mota, maza a baya. Na ɗauki gurasar tamis mai zafi da tukunyar wake, da dabino, da butar shayi, da salka biyu na ruwa. Muka fita ta Ka'akiyya, wadda a lokacin 'yan bukkoki ne da shingayen awaki, muka bar hanya muka shiga tsakuwa. Yayana yana tuƙi kamar duwatsu ya ɗauko. Duk ramin da ya faɗa sai mata su kama salati, maza su kama hulunansu.

Cikin baƙin akwai mutum biyu da ba na mantawa. Ɗaya wani malami ne daga ƙasar Zazzau, dogo, mai tsabta, wanda ko farashin albasa ka faɗa masa sai ya tambaye ka wa ya ce. Ɗayar wata tsohuwa ce daga Damagaram, muna ce mata Iya. Ta yi wata biyu a gidanmu, ban ji ta yi magana ta wuce gaisuwa ba. Ita ba ta ma so zuwa ba, matan ɗakinsu ne suka ja ta.

Muka isa rana ba ta yi zafi ba. Ni ma ran nan na fara ganin wurin, kuma sai na gane abin da ya hana Baba ɗaukar dutse. Iska ce ke kaɗawa a kan tudun irin wadda ba mu samu a cikin gari, kana ganin hanya ta miƙe har ta shige tsakanin duwatsu, ba kowa sai shirwa. Baba ya zama wani mutum dabam. Ya tattare rigarsa, ya zaro wuƙa, ya ce kowa ya gwada cusa bakinta tsakanin dutse da dutse. Aka yi ta gwadawa ba ta shiga. Ya nuna inda aikin mutanen farko ya tsaya da inda na Turkawa ya fara, ya ce a duba, na ƙasa an yi shi da haƙuri, na sama an yi shi ana jiran abinci. A nan ba wanda zai ja da shi, don wannan aikinsa ne. Kanawan da ke cikinmu suka ce ai ganuwarsu ta fi wannan tsawo. Baba ya yarda, ya ce amma a bar ganuwa shekara ɗari ba yaɓe a gani. Wani alhaji ya faki ido ya jefa ɗan dutse a aljihu, Baba ya sa ya fito da shi ya mayar inda ya ɗauka.

Sai aka zo kan yaƙi. Ya tsaya a kan ɓaraguzan bangon gabas ya nuna inda aka girke igwa. Ya kai mu bakin matakala ya tsaya yadda jarumin ya tsaya. Ya nuna 'yan tagogin nan siraran da ke jikin bango ya ce ta nan ake sakin kibau. Kowa ya yi tsit yana ji. Malam ya bari har ya gama, sannan ya tambaya cikin ladabi a wane littafi aka rawaito wannan. Baba ya ce shi ba a littafi ya gani ba, a jikin dutse ya karanta. Malam ya ce madalla, amma dutse ba ya faɗin kwana arba'in.

Da rana ta take muka koma inuwar bango, na hura wuta na ɗora shayi. Muna cin tamis sai ga awaki sun ɓullo ta ƙofa, bayansu wata tsohuwa Balarabiyar daji, baƙaƙen kaya, fuska a rufe, sanda a hannu. Baba ya miƙe da fara'a, suka gaisa, ya ba ta ƙullin shayi da sukari da ya saba kawo mata. Ya juyo ya ce wa baƙi wannan baiwar Allah a gindin tudun nan aka haife ta, kakanninta duk a nan suke, kuma shekara da shekaru yana ba da tarihin nan a gabanta tana gyaɗa kai. Abin da bai faɗa ba shi ne da Hausa yake bayarwa, ita kuwa ba ta jin ko zo. Shi ma in ta yi magana ba ya kama komai sai gaisuwa, don Larabcin mutanen daji ba irin na bakin aiki ba ne.

Malam ya ce to alhamdu lillahi, ga shaida ta zo, a tambaye ta. Aka duba wa zai yi tafinta, yayana yana can ƙarƙashin mota yana barci, sai ido ya dawo kaina.

Na gaishe ta, na ce mata hala, wato gwaggo, na zuba mata shayi, na tambaye ta labarin yaƙin da aka yi a nan. Ta ce wane yaƙi. Na ce wanda aka kewaye gal'a aka rushe bango da igwa. Ta sauke kofin ta dube ni ta cikin mayafi, ta yi magana mai tsawo. Tun tana tsakiya na gane maganar ba za ta yi wa Baba daɗi ba. Da ta gama na ce wa jama'a ta ce wurin tsoho ne ƙwarai. Malam ya ce ai ta yi magana ta kai ta cika kofi uku, duk wannan ne? Na dubi Baba.

Baba yana kirana Uwata, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Ya ce, "Uwata, faɗi abin da ta ce. Kada ki rage, kada ki ƙara."

Na faɗa. Ta ce ita ba ta taɓa jin an yi yaƙi a nan ba, kakanta ma bai ji ba, shi kuwa daga nasa kakan ya ji labarin wurin. Ta ce sojan da ke zama a gal'a ba su da yawa, kuma aikinsu ruwa ne. Su share magudanai kafin lokacin ruwa, su tsare abin da ya taru har ayarin alhazai ya zo ya sha ya wuce. Sauran shekara kuwa zama suke yi suna wasan tsakuwa a ƙasa, suna sayen nono a wurin danginta, wasunsu har sun yi aure a nan. Bangon gabas ruwan sama ne ya ci gindinsa ya faɗi, tana yarinya, da idonta ta gani, sauran kuma mutane suka kwashe. Ta ce dutsen da ke kan ƙofar shingen awakinta ma daga nan mijinta ya ɗauko. Tagogin kuwa ta ce mai yiwuwa don kibau aka yi su, ita dai abin da ta ji shi ne a nan suke rataye salka don ruwa ya yi sanyi. Faɗa ɗaya kawai ta sani, tsakanin shugaban soja da mai dafa musu abinci, kan wani zakara.

Wani ya fara dariya a ciki-ciki, wani ya kama, sai wurin ya ɓarke. Alhajin da aka ƙwace wa dutse har da buga cinya. Ita tsohuwar ba ta san me ake wa dariya ba, ta miƙo kofi in ƙara mata. Baba ya ɗauki wuƙarsa yana goge ta a gefen riga, yana ta gogewa alhali ba abin da ya taɓa ta. Malam da ya ga haka sai jikinsa ya yi sanyi, ya fara cewa ai rashin ji ba ya kore aukuwa, mai yiwuwa an yi yaƙin tun kafin kakan kakanta. Baba ya ce a'a Malam, a bar shi. Ni kuwa ji nake kamar in shige cikin tukunyar wake.

Ana cikin haka Iya ta Damagaram ta yi magana. Muryarta ƙasa-ƙasa, sai da aka yi shiru aka ji ta. Ta ce a tambayar mata ina ruwan yake taruwa. Tsohuwar ta nuna ramin nan na gindin tudu da sanda, ta ce birka ke nan, wato matarar ruwa. Iya ta miƙe ba ta jira kowa ba ta fara gangarawa. Na bi ta don kada ta zame, sauran suka biyo mu. Ashe ramin yana da matakala ta dutse a gefe. Ta taka ta sauka har inda yashi ya tsaya, ta zauna a matakalar ƙarshe, ta shafa bangon da tafin hannu. Akwai wani layi fari-fari da ya zagaye shi can sama da kanmu, tsohuwar ta ce nan ne bakin ruwa in ya cika.

Iya ta ce ita da mijinta suka baro gida. A hanyar gabas, tsakanin rijiya da rijiya, suka iske wadda suke sa rai ta ƙafe. Suka yi kwana biyu da abin da ya rage a salka, yana ta ce mata shi ya sha, ashe leɓe kawai yake jiƙawa. Da suka kai ruwa ya riga ya gaza, a nan aka binne shi. Ba ta yi kuka ba, ta faɗa ne kamar mai ba da kwatancen hanya. Sannan ta ce, "Wanda ya gina wannan ya san tafiya. Allah Ya ji ƙansa, ko wane ne."

Aka amsa da amin. Daga nan kowa ya tuno nasa ƙishin, don a cikinsu ba wanda bai taka wannan hanyar da ƙafarsa ba. Wannan ya ce shi ya taɓa shan ruwan da raƙumi ya ƙi, wancan ya ce shi ya tace taɓo da rawaninsa. Labarin ya fara da nauyi, amma kafin a jima ya koma gasa, har aka dawo dariya, Iya ma ta yi murmushi da wani ya ce shi ya yi mafarkin randar uwarsa sau bakwai a dare ɗaya.

Ban lura da lokacin da Baba ya sauko ba. Na dai gan shi yana zagaya bakin birkar yana duban ƙasa. Ya zo ya ce in tambayi tsohuwar ta ina ruwan ke shigowa. Ta ja shi da sanda zuwa wani ɗan kwari, ta caka ƙasa ta ce nan. Ya durƙusa ya tona da hannu, ya tarar da dutse a shimfiɗe. Ya ƙara tonawa gaba, ga wani. Ya aika a taso yayana ya kawo shebur daga mota. Cikin ɗan lokaci magudana ta bayyana, ginanniya, faɗinta kamu biyu, ta gangaro daga kwarin ta faɗa wani ƙaramin rami kafin ta shiga babban. Baba ya tsaya a kan ƙaramin ramin yana ta kallo, sai ya ɗaga murya yana bayani ba wanda ya tambaye shi, cewa a nan ruwa ke hutawa ya ajiye yashinsa, mai tsabta ya wuce. Ya ce shekara nawa yana hawa sama yana surutu, ashe aikin yana nan ƙasa. Ya manta da igwa sarai.

Shebur ɗaya ne, saboda haka sauran suka kama da abin da suka samu. Wani da faranti, wani da murfin tukunyata. Malam ya naɗe hannun riga ya ɗaure ta a ƙugu ya shiga layi, yana kwasar yashi da kwanon sha yana tambaya a kai ina. Tsohuwar ta zauna a kan dutse tana ba da umarni, ni ina juyawa, wani lokaci ina sassautawa, don ta ce wa alhajin nan mai dutse yana tono kamar kaza. Sai da la'asar ta yi sanyi yayana ya ce in ba mu tashi ba zai tafi ya bar mu. Muka hau mota kowa fari fat da ƙura.

 Da muka isa gida Inna ta zuba wa Baba shayi ta yi tambayarta ta kullum, ya ce yau ba a kashe kowa ba, ya shige ɗaki. Ta dube ni, na ba ta labari a madafa, ta yi dariya har ta riƙe gwiwar da ke ciwo, sannan ta ce in yi hankali, kada in yi a gabansa. Kwana biyu yana amsa gaisuwata a taƙaice. A na uku ya kira ni soro ya ce ranar Asabar za a koma, kuma da ni za a je, yana da tambayoyi. Ya riƙa lissafo su da yatsu: wata nawa ruwan ke kaiwa, da me suke shafe bangon, akwai wata magudanar ko ita ke nan. Na ce to Baba. Ya ce kuma in ta sake faɗin abin da ba daɗi, in fara faɗa masa shi kaɗai.

Mun koma sau huɗu kafin jirgin baƙin ya zo. Abin mamaki, da labari ya bazu a Misfala sai masu son zuwa suka ƙaru, har daga gidajen wasu. Na ɗauka mutane za su guji wurin da ake ba su shebur, ashe zaman jira ya ishe su, kuma ga shi an ce musu aikin ruwa ne. Sukan hau hasumiya su sha iska, su gwada wuƙa a bango, su ci tamis, sannan su gangara su yi tono awa guda su dawo suna jin sun yi wani abu. Aka share magudanar duka, aka gano ta biyu ta bayan tudu, aka rage yashin birka har matakala uku suka ƙara fitowa. Iya ba ta fasa zuwa ko sau ɗaya ba. Ba ta iya tono, ita ce mai ba ma'aikata ruwa. Ita da tsohuwar sukan zauna gefe guda suna hira, wannan da Hausa, waccan da Larabci, ba su taɓa nemana ba.

Ruwan sama bai zo ba sai bayan watanni, baƙin duk sun tafi. Ran da aka yi shi a Makka, muna ta tare ɗigo da kwanuka, Baba yana tsaye a ƙofar gida yana duban kudu. Washegari ya tasa yayana gaba suka tafi. Sun tarar da ruwa ya kai gwiwa, awaki sun kewaye shi. Bayan mako guda suka koma suka tarar ba ko ɗigo, ashe akwai tsaga a ƙasan bango. Baba ya ɗauki farar ƙasa da toka ya je ya yi kwana uku a can yana liƙe ta, yana cin gurasar mutanen daji. Shekarar da ta biyo ruwan ya zauna kusan wata biyu. Ba ayarin da ya zo ya sha, don a lokacin motoci sun riga sun ɗauke alhazai daga wannan hanya. Makiyaya ne suka sha da dabbobinsu, da direbobin da motarsu ta yi zafi. Malam ya aiko da wasiƙa ta hannun wani alhaji yana tambaya ko birka ta riƙe ruwa, kuma wa ya gani da idonsa.

Mun yi shekaru muna wannan fita. Daga baya tafiya ta yi sauƙi, alhazai suka daina dogon jira, yayana ya sami aikin tuƙi a Jidda, ƙafafun Baba kuma suka daina son tudu. Tsohuwar ma ɗanta ya ɗauke ta ya kawo ta cikin gari, can wajen Rusaifa. Sau ɗaya ta zo mana gida, ɗan nata ya rako ta. Ta hau kan rufinmu ta dudduba, ta ce ita ba ta san yadda muke numfashi a nan ba. Inna ta yi mata tuwo da miyar kuka, irin wadda muke ɓoyon garinta sai babban baƙo. Ta ci loma uku a hankali, ta ce in gaya wa Inna abinci ya yi kyau, Allah Ya yi albarka. Sannan ta matso kusa da kunnena ta tambaya ko akwai dabino a gidan.